Yaya zan ba da labarin abincin Damagaram ba tare da na zama 'yar talla ba?

"Baba, ina wuni. Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou, ina shekarar ƙarshe. Ina son in buɗe shafi a Facebook, in Allah ya yarda har da shiri a rediyo, wanda zai riƙa kawo labarin wuraren cin abinci na Zinder. Ƙawayena sun ce garin ba shi da gidajen abincin da za su riƙe shiri ko na wata 3, wai irin wannan sai Yamai. Wani yayana kuma ya ce ranar da na kushe abincin wani, ranar za a kai ni ƙara. Sannan wurare 2 da na je gwaji, da suka ga ina ɗaukar hoto sai suka ƙi karɓar kuɗina. Ta ina zan faro, kuma yaya zan faɗi gaskiya ba tare da na zama 'yar talla ko na kashe wa wani sana'a ba?"

Lafiya lau ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. In na fahimce ki, kina son ki san ko akwai abin faɗa a garin nan game da abincin sayarwa, in akwai kuma, yadda za ki faɗe shi ki kwana lafiya da mutane da kuma zuciyarki. Na daɗe ina aikin rediyo a Damagaram, kuma shekaru da dama shirin kasuwa ne a hannuna, wanda muke karanta farashin hatsi da na bisashe duk ranar Alhamis, ranar da kasuwar gari take cika. Daga farashin tiyar gero na gangara har bakin tukunyar masu tuwo, don na lura abin da nake karantawa da safe shi nake tararwa cikin kwanona da dare. Abin da zan gaya miki daga can na samo shi.

Inda Damagaram take cin abincinta

Ƙawayenki suna da gaskiya ta fuska ɗaya. In abin da ake nufi da gidan abinci shi ne ɗaki mai allo a ƙofa, da tebur da kujeru da takardar jerin abinci, to waɗannan ba su da yawa, kuma mafi yawansu ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyi da baƙi 'yan hanya suke ciyarwa. Za ki zagaye su cikin 'yan makonni ki rasa na gaba. Irin wannan aikin jarida, na shiga gidan abinci a ɗanɗana a ba da maki, a Faransa ya yi ƙarfi. Kamfanin tayar mota na Michelin ya fara buga littafin jagorar matafiya a 1900, ya fara raba wa gidajen abinci taurari a 1926, shekarar da Turawa suka ɗauke babban birnin ƙasar nan daga Zinder suka kai Yamai. An ƙera wannan ma'auni ne don mai mota da ke neman inda zai zauna a kawo masa abinci kala-kala ɗaya bayan ɗaya. In kika ɗora shi a kan garinmu, zai nuna miki kamar babu kowa a gari, alhali dubban mutane suna cin abincin saye kowace rana.

Garin nan da agogo ake neman abincinsa. Bayan sallar asuba, kafin rana ta fito, masu koko da ƙosai sun riga sun zauna a bakin lungu, masu waina sun ɗora tanda, mai shayi ya jera burodi da gwangwanayen madara a kan teburinsa. Da hantsi sai fura ta karɓi gari, masu nono sun shigo daga ƙauyuka da ƙorai a ka. Azahar ta masu shinkafa da wake ce da dambu da ɗanwake, a gefen kasuwar Dole, a tashoshin mota, a ƙofar makarantu da asibiti. La'asar sakaliya hayaƙin masu tsire da balangu ya tashi. Bayan isha kuma tuwo, da mai shayi wanda ya dawo da kaskon ƙwai da taliya, da samarin fada, wato majalisar hira ta matasa, da butar shayinsu a kan gawayi. Wuri ɗaya a bakin titi yana iya zama na mutum 3 a yini, kowa da sa'arsa, kowa da masu sayensa. Wanda ya wuce da azahar ba zai taɓa sanin akwai mai waina a wurin ba.

Unguwanni ma kowace da bakinta. Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take cikin ragowar ganuwar da ake danganta ginin ta da Sarki Tanimu, abincinsa mafi daɗi a cikin gidaje yake, sai dai yaro ya fito da shi a tire ko ki san ƙofar da za ki yi sallama. Zango tun asalinsa masaukin fatake ne da ayarin raƙuma, masu zuwa daga Agadas da masu zuwa daga Kano, don haka ciyar da baƙo da kuɗi tsohuwar sana'a ce a wurin. Sabon Gari da kewayen tashoshi nan ne za ki tarar da girkin da baƙi daga ƙasashen gaɓar teku suka shigo da shi, irin su aceke da soyayyen kifi. Jami'ar da kike ciki ita ma ta haifar da nata masu abinci, don ɗalibi mai ƙaramin aljihu yana da irin kwanon da yake nema. Ga kuma abin da garin ya gada daga maƙwabta: burabusko daga wajen Barebari, cuku da tukuɗi daga wajen Buzaye da makiyaya, tattasan Diffa, albasar Galmi, dabinon Kawar da na kwarurrukan gabas. Wannan kaɗai, in kika bi shi a hankali, ya fi ƙarfin shekara guda.

Ki bi tukunya da baya

Abin da ya fi ba ni wahalar ganewa a farkon aikina shi ne, "da daɗi" da "ba daɗi" ba su isa labari ba. Mai sauraro yana da harshe, kuma ya riga ki sanin wurin. Abin da bai sani ba shi ne dalilin da ya sa malmalar tuwon da yake saye ta ƙanƙance a wannan wata, ko ya aka yi miyar da ya saba da ita ta canja ɗanɗano. A nan ɗan jarida yake da amfani.

Akwai wata mai tuwo da na taɓa roƙa ta bar ni in zauna wurinta tun daga sayayya har wanke tukwane. Ta yarda bayan na yi zuwa 3. Abin da na fara gani da sassafe, tun ba a hura wuta ba, shi ne ciniki da mai ga-ruwa. Ya tsaya da kurarsa, jarkoki a jere, ta ɗaga murfin ɗaya ta leƙa, ta shinshina, sannan suka shiga ja-in-ja a kan farashi, don a makon nan famfon unguwar bai kawo ba sai tsakar dare. Da ya tafi sai ta raba ruwan a idona: wannan na tuwo da miya, ba a taɓa shi, wannan na shan masu saye, wannan na wanke kwanoni, kuma shi ne za a yi ta maimaitawa har ya yi kauri. Ta dube ni ta ce, "Malam, in ka ga ruwan wankin kwano ya yi duhu da yamma, ka tambayi famfo kafin ka tambaye ni." Tun daga ranar na daina rubuta kalmar ƙazanta kafin in san nawa aka sayi jarka.

Ƙishirwar Damagaram ba sabon abu ba ce, kin tashi kin tarar da ita. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan ƙarƙashinsa kaɗan ne, shi ya sa ake jawo shi daga nesa, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga baya kuma Ganaram. Duk mai sayar da dafaffen abinci a garin nan, kafin ya sayi gishiri ya sayi ruwa. Bayan ruwa sai wuta. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut tana fitar da iskar gas, kuma gidaje da masu shayi da yawa sun koma kanta, amma babbar tukunyar tuwo har yanzu itace take ci, kuma itacen daga nesa ake kawo shi. Ki tambayi mai tuwo me ya sa ba ta koma gas ba, za ki ji lissafin da ba a koyarwa a aji: kuɗin tukunyar gas ta farko, girman murhu, ranar da gas ya yanke a gari, da kuma masu saye da suke cewa tuwon itace ya fi ƙamshi.

Sai iyaka. Kano ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba a kan Yamai, wadda ke kusan kilomita 900 daga nan. Manja, doya, garin rogo, wani lokaci masara, da tarkacen kayan miya na leda, da yawa ta Magarya da Matamaye suke shigowa, mu kuma wake da bisashe suke fita. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, masu abinci sun ji a jikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, aka kuma yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga can, har sai a farkon 2024 aka sassauta. Duk mai sayar da ƙanƙara, da zoɓo mai sanyi, da kifi ko kajin firji, yana da labarin waɗannan watanni. Ko hawa da saukar naira a hannun 'yan canji yana isa cikin kwano. Mai abinci ba ta cika ƙara kuɗi ba, don ta san mai dala 50 (sefa 250) dala 50 ɗin ce da shi. Sai ta rage malmala, ko ta rage yankan nama, ko ta sauya mai. In kika auna malmala yau kika dawo bayan wata 2 kika sake aunawa, kin samu labarin da babu wanda ya taɓa kawowa a rediyo.

Haka kilishi, wanda duk baƙon da ya zo sai ya nemi na tsaraba. Kowa yana cewa na wane ya fi, amma 'yan kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka ga yadda ake yin sa. Ki je da sassafe wurin mahauta, da izinin mai wurin. Za ki ga an zaɓi tsoka marar kitse, yawanci ta cinya, mutum ya zauna da wuƙa yana warware ta a hankali har ta zama shimfiɗa siririya kamar ƙyalle, wadda in ya ɗaga sai ki hango hasken rana ta cikinta. A shanya a kan gadon kara, ta bushe, a tsoma ta cikin kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna mata wuta. Akwai ja, akwai fari, akwai rumuzu wanda ba a tsoma shi cikin kwaɓin, mai da gishiri da ɗan yaji kawai. Tambayoyin da za ki yi a nan suna da yawa: daga wace kasuwa aka sayo san, an yanka a mayanka likitan dabbobi ya duba ya buga hatimi ko a bayan gida aka yanka, me ake rufa wa naman don ƙuda da ƙura lokacin shanya, yaya suke yi da damina in rana ta ƙi fitowa. Ki kai gaisuwa wurin Sarkin Fawa kafin ki fara, don sana'ar tana da shugabanni, kuma ƙofar da ya buɗe miki ba mai rufe ta.

Kuɗin kwano

Yanzu ga waɗanda suka ƙi karɓar kuɗinki. Ki koma ki biya. Na san da nauyi, don a al'adarmu mayar da kyauta cin fuska ne, kuma mai wurin wataƙila da zuciya ɗaya ya yi. Amma wanda ya ci na mutum, bakinsa ya ɗauru. Ko ke kin iya daurewa kika faɗi gaskiya, mai karatu da ya ji an ba ki kyauta ba zai ƙara yarda da yabonki ba, kuma a garin nan babu abin da ke ɓoyuwa. Mu a aikinmu mun san wannan ciwo da sunaye masu laushi, kuɗin mota, na goro, kuɗin mai. Albashin ɗan jarida a gidajen rediyo masu zaman kansu ƙarami ne, wani lokaci ma ba ya zuwa kan kari, shi ya sa da yawa suke karɓa, kuma ba na zagin kowa a kan haka. Sai dai na ga yadda shiri mai kyau yake lalacewa ya koma jerin gaishe-gaishe: a gaida Hajiya wance mai abinci mai daɗi, a gaida Alhaji wane. Bayan wata 6 babu mai kunna shi sai waɗanda ake gaisarwa.

Yadda nake yi, ina biya tun kafin a zuba, kamar kowa, kuma ba na fito da na'urar ɗaukar magana sai na ci na wanke hannu. In mai wurin ya rantse sai ya mayar mini, sai in ce, "Hajiya, don Allah ki bar ni in biya, in ban biya ba gidan rediyo ba zai bar ni in yi maganarki ba." Wannan yana sauke nauyin daga kanta ya ɗora a kan ƙa'idar aiki, ba wanda ya ji kunya. Ke ma ki kafa ƙa'idar a rubuce a saman shafinki tun ranar farko, ki riƙa nuna ta.

Ba za ki iya ɓoye fuskarki ba kamar yadda masu wannan aiki suke yi a manyan biranen Turai. Damagaram kowa ɗan wani ne. Kafin ki gama kwano an san gidanku. Maganin wannan shi ne yawan zuwa. Ki je sau 3 aƙalla, a ranaku daban da sa'o'i daban, sau ɗaya kuma ki aiki ƙaninki ko ƙawarki ta sayo miki a kwano ba tare da an san naki ba ne. In naman da aka zuba miki ya ninka wanda aka zuba wa ƙaninki, kin san abin da za ki rubuta shi ne kwanon ƙaninki.

Talla kuma halal ce, kuma da ita shafin zai rayu. Abin da ake so shi ne a raba ta da labari rabuwa bayyananniya. In mai gidan abinci ya biya, ki rubuta "talla" a sama da manyan baƙaƙe, kuma kada ki yi sharhin abincinsa a wannan lokaci. Ni na fi son a nemi masu ɗaukar nauyi daga waɗanda ba a sharhinsu, kamar mai sayar da tukwane ko kamfanin sufuri. Yana da wuyar samu, amma ya fi kwanciyar rai.

Ranar da na yi kuskure

Maganar kushe ita ce ta fi nauyi, kuma a nan zan gaya miki abin da har yau yake damuna. A shekarun farko na shirin, na ci abinci wurin wata mata a kusa da wata tasha, da damina. Na tarar da ruwa kwance a gefen rumfarta, ƙuda ko'ina, ga wari. Na dawo na faɗa a rediyo, ban ambaci sunanta ba amma na kwatanta wurin yadda duk direban da ke tashar ya gane. Sau ɗaya na je. Ban yi mata magana ba. Bayan kamar mako 3 wani dattijo ya zo har gidan rediyo ya nemi ganina, ya ce shi maƙwabcinta ne. Ya gaya mini ruwan daga magudanar da ta toshe a bayan tasha yake, ta yi ta kai kuka ba a gyara ba, ita da 'ya'yanta suke kwashe shi da bokiti kowace safiya, ranar da na je ruwan sama ne ya sauka da azahar ya fi ƙarfinsu. Mijinta ya rasu, da tukunyar nan take riƙe da yara 5. Tun daga ranar shirin masu saye suka ragu, har ta fara rage abin da take ɗorawa.

Na je na ba ta haƙuri a gaban mutanen tashar, na sake shiri na gyara maganata, na kuma bi batun magudanar har aka yashe ta. Ta ce ta yafe. Amma wasu masu sayen ba su dawo ba, don gyara ba ya yin tafiyar da kushe ya yi. Abin da na gani gaskiya ne, ruwan yana nan, ƙudan suna nan. Laifina shi ne na ɗora wa mai ƙaramin ƙarfi abin da ba ita ta jawo ba, kuma ban tambaye ta ba.

Daga nan na ɗauki hanyar da nake ba ki shawara. Ki dubi girman wanda za ki yi magana a kansa. Babban gidan abinci mai allo, wanda yake karɓar jika 3 ko 5 (sefa dubu 3 ko 5) a kwano yana kuma tallata kansa, ya yi wa jama'a alkawari, kuma daidai ne a auna shi da alkawarinsa: in kaza ba ta nuna ba ki faɗa, in an yi awa guda ba a kawo abinci ba ki faɗa, bayan kin je sau da yawa kin kuma ji ta bakin mai wurin. Mai tukunya ɗaya a bakin titi kuwa, in abincinta bai yi miki ba, ki wuce kawai kada ki rubuta komai. Shirunki ya isa. In matsalar ta shafi lafiyar jama'a, ki fara gaya mata ita kaɗai cikin mutunci. In abin ya zama ruwan dare, ki yi labarin matsalar gaba ɗaya ba tare da nuna rumfar kowa ba, ki kuma kai tambaya wurin ma'aikatan tsabta na ma'aikatar magajin gari, don su ke da hurumin dubawa.

Kuma ki rubuta abin da idonki ya gani kawai. "Na ga an zuba miyar da ta kwana a kan sabuwa" magana ce da za ki iya tsayawa a kanta. "Abincinta yana sa zawo" ba za ki iya ba, don ke ba likita ba ce, kuma ciwon ciki yana iya fitowa daga abin da aka ci jiya ko shekaranjiya ko daga ruwan gida. Akwai ƙa'idoji masu sauƙi na Hukumar Lafiya ta Duniya da za su taimaki idonki: dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, mai zafi a riƙe shi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, ɗanyen nama kuma kada ya haɗu da dafaffe a wuƙa ɗaya ko faranti ɗaya. A zafin bazarar Damagaram, wannan magana ta awa 2 ba wasa ba ce. Shi ya sa tuwon da ake kwashewa daga wuta a gabanki sau da yawa ya fi aminci a kan kwaɗon latas da aka haɗa tun safe a wuri mai kyan gani.

Yayanki bai yi ƙarya ba

Game da ƙara, ki saurari yayanki. A 2010 an yi dokar da ta cire ɗauri a kan laifuffukan aikin jarida a Nijar, amma abin da ake wallafawa a intanet yana ƙarƙashin wata doka daban, ta laifuffukan intanet ta 2019, kuma a watan Yuni na 2024 an gyara ta aka dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta wannan hanya. Shafin Facebook da saƙon murya na WhatsApp duk suna ciki. Ni ba lauya ba ne, don haka kafin ki fara ki samu wani malamin shari'a a jami'arku ya zauna da ke ya karanta miki dokar. Abin da na sani daga aiki shi ne, mafi yawan rigingimun nan ba sa kaiwa kotu. Gida ake zuwa, wurin mahaifinki ko mai unguwa, kuma wannan ma yana da nauyinsa ga ɗiya mace. Ki sanar da iyayenki abin da za ki yi tun yanzu. Ki riƙe littafi kina rubuta ranar da kika je, da sa'a, da abin da kika saya da nawa. Kada ki ɗauki hoton fuskar kowa sai da izininsa, musamman yara 'yan talla da matan aure. Masu sharhi a ƙarƙashin rubutunki ma ki sa musu ido, ki goge zagi da ƙazafi da wuri, don a shafinki suke.

Inda ƙafata ba ta kai ba

Akwai wani ɓangare na abincin garin nan da na yi shekaru ina jin ƙamshinsa daga zaure kawai. Alkaki da nakiya da dubulan da ake yi wa garar amarya, alawar da ake tafiya da ita tsaraba, furar da ake kirɓawa a cikin gida yara su fito da ita, daddawar da tsofaffi suke haɗawa, duk a hannun matan da ba sa zama a bakin titi suke. Ni namiji ne, iyakata zaure, sai dai a aiko mini da bayani ta bakin yaro ko a miƙo mini faranti. Ke za ki yi sallama ki shiga har gindin murhu, ki zauna a kan tabarma ki ga yadda ake murza alkaki a naɗe shi, da yadda ake gane sukari ya yi kaurin da za a tsoma. Da yawa daga masu wannan sani sun tsufa, kuma ba duka 'ya'yansu suka koya ba. Yanzu kuma ga 'yan mata masu girki a gida suna tallatawa a WhatsApp, ɗan kabu-kabu ya kai wa mai saye har ofis. Wannan sabuwar kasuwa ce da ku kuka fi mu saninta, kuma ban ji wanda ya zauna ya ba da labarinta yadda ya kamata ba.

Harshe kuma, ki yi da Hausar da ake ciniki da ita, ki faɗi kuɗi da dala da jika yadda mai saye zai gane. Da yawa daga waɗanda za ki yi maganarsu ba sa karanta boko, don haka duk abin da kika rubuta ki karanta shi da murya ki tura, ki kuma koma wurin mai abincin ki kunna mata ta ji da kunnenta kafin ta ji a bakin wani.

In ni ne ke, ba zan fara da gidan abinci ko ɗaya ba. Zan zaɓi mai waina ɗaya a unguwarmu, wadda ta san iyayena, in roƙe ta in kwana biyu ina zuwa tun tana jiƙa shinkafa da yamma har ta kankare tanda da hantsi. Ranar Alhamis in bi ta kasuwa in ga abin da take saye da yadda take tayawa. Ranar Lahadi in hau mota zuwa Mirya, kasuwarsu ke ci ranar, in ga inda kayan lambun da ke shigowa gari suke fitowa, in tambayi masu lambu nawa suka sayar da kwandon tumatir kafin ya iso Dole. Ki rubuta wannan, ki kawo mini in duba miki kafin ki saka. Ki zo da littafin da kika rubuta farashin a ciki.